Sifiku shida a falo, biyu kawai ke magana: inda ake kuskure wajen saiti

Ka kashe kuɗi ka jera sifiku shida a falo, ka kunna fim a kwamfuta, sai biyu na gaba kawai ke ƙara, na baya sun yi tsit. Kafin ka kwashi kaya ka koma wa mai shago da faɗa, fara duba fim ɗin kansa. Yawancin waɗanda ake turo mana a waya, da waɗanda ake saukewa daga YouTube, layin sauti biyu ne da su, dama da hagu. A manhajar kallon bidiyo ta VLC danna Ctrl da J tare. In ka ga an rubuta Stereo, to sifikun baya ba su da abin faɗa. Ko ka nemo fim mai 5.1, wato layi shida, biyar na sifiku da ɗaya na sabwufa mai fitar da gurnani, ko ka sa amfilifaya ta raba biyun nan da Dolby Pro Logic II. Zai cika ɗaki, amma ba kamar na asali ba.

Daga nan sai Windows. Sau da yawa a sifiku biyu take barin saitinta har sai ka gaya mata. Shiga saitin sauti, zaɓi na'urarka, danna Configure, ɗauki 5.1 ko 7.1 mai sifiku takwas, sannan Test. Kowace sifika za ta yi ƙara ita kaɗai, a nan za ka kama wadda aka juya wa waya. Masu haɗawa da ƙananan ramukan bayan kwamfuta su riƙe launi: kore na gaba, baƙi na baya, ruwan lemo na tsakiya da sabwufa, toka-toka na gefe a 7.1.

Inda na fi ganin mutane na shan wahala shi ne wayar optikal, siririyar nan mai jan haske a baki. Ana ganin hasken sai a ɗauka ta fi kowace. Alhali layi biyu kacal take ɗauka in sautin ba a matse yake ba. Shida ba sa wucewa sai a dunƙule cikin Dolby Digital ko DTS. TrueHD da DTS-HD Master Audio kuwa ba sa bi ta cikinta sam, 7.1 ma haka. Saboda haka mai amfani da manhajar kallon fim ta Kodi da optikal ya bar adadin layuka a 2.0, duk da abin zai yi masa banbarakwai, ya kunna Allow passthrough, wato manhaja ta miƙa sautin yadda yake amfilifaya ta warware da kanta. Ya yi alama a nau'ukan da amfilifayarsa ta iya kaɗai, in ba haka ba shiru zai ji ko shuuu. Kuma daga lokacin ƙarar ta bar hannun manhaja, sai rimot ɗin amfilifaya. Ni dai in akwai HDMI ba na kallon optikal, don layi takwas take ɗauka ba matsi.

Akwai kuma fim ɗin da kiɗa da harbi ke tashi, amma bakin 'yan wasa na motsi ba magana. Kusan duk maganar fim ta sifikar tsakiya take fita. Ko wayarta ta zare, ko an juya ta da ta sabwufa, ko ka ce wa manhaja 5.1 alhali biyu ka jona.

A amfilifaya, kada girman kai ya sa ka zaɓi Large. Sa sifiku a Small, mahaɗar, wato Crossover, inda ake raba sauti tsakanin sifiku da sabwufa, a 80 Hz, gurnani ya koma sabwufa. Biyun nan da muke kira na baya a 5.1, wurinsu gefen kujera ne, ɗan baya kaɗan da kunne, ba kan teburin talabijin ba, inda ake jera su don wayar ta gaza.

In murya na riga baki ko tana binsa a baya, J da K a VLC suna matsar da ita, kowane dannawa milisakan 50.