Yadda ake haɗa rediyon oba-oba a sabar FiveM har ya yi magana

Yawancin masu sabuwar sabar wasan kwaikwayon rayuwa a FiveM, manhajar da ke ba mutane damar buga wasan GTA V tare a sabar kansu, a baibai suke fara aikin rediyo. Sai su nemo rediyo mai kyan gani, mai koren allo da maɓallai masu haske, su jefa shi cikin folda, su tayar da sabar. Hoton rediyon ya fito tsaf, an saka lambar tasha, amma babu mai jin kowa. Daga nan sai a shiga canza rediyo ɗaya bayan ɗaya, alhali ba a nan cutar take ba. Hoton da ke fitowa a allo ba ya ɗaukar murya ko kaɗan. Aikinsa kawai ya gaya wa tsarin murya cewa wane ya shiga tasha kaza. Tsarin muryar ne ke kai magana daga baki zuwa kunne, don haka da shi ake farawa, kuma ba a taɓa rediyo sai ya zauna daidai.

Ka ɗauki tsarin murya mai suna pma-voice. Yana aiki da Mumble, manhajar hira da murya da ke cikin FiveM tun asali, kyauta ne, kuma ɗan wasa ba ya buƙatar girka komai a kwamfutarsa. Akwai hanyar TeamSpeak, irin su SaltyChat da TokoVOIP, kuma masu son su suna da hujjarsu wajen ingancin sauti. Sai dai kowane sabon ɗan wasa sai ya sauke TeamSpeak 3, ya girka ƙarin manhaja a cikinsa, ya shiga ɗakin da ya dace kafin ya iya cewa uffan, ga kuma iyakar mutum 32 da sabar TeamSpeak ke da ita idan babu lasisi. Ga sabuwar sabar da ke neman jama'a, wannan korar baƙi ne tun daga bakin ƙofa. Abin da ke biye duk a kan pma-voice yake.

Share fili kafin ka girka komai

Tsarin murya biyu ba sa zama a sabar ɗaya. Idan akwai mumble-voip, esx_voice, tokovoip_script ko saltychat, ka cire layinsu daga server.cfg, fayil ɗin saitin sabar, ka kuma fitar da foldojinsu gaba ɗaya. Cire layi kaɗai ba ya wadatarwa, saboda idan suna cikin babbar folda mai baka irin `[standalone]` kuma akwai `ensure [standalone]` a fayil ɗinka, za su tashi ko ba ka kira sunansu ba. Idan kana da vMenu, sikirif ɗin menu na cikin wasa, ka cire izinin VoiceChat daga permissions.cfg ɗinsa, domin shi ma yana taɓa murya.

Sannan ka bincike dukan foldar resources da manhajar rubutu irin VS Code, kana neman waɗannan sunaye: `NetworkSetTalkerProximity`, `MumbleSetTalkerProximity`, `MumbleSetAudioInputDistance`, `MumbleSetAudioOutputDistance` da `NetworkSetVoiceActive`. Duk sikirif ɗin da ke kiran ɗaya daga cikinsu, in ba pma-voice ba, yana iya rushe lissafin nisan murya. An fi samunsu ɓoye a cikin tsofaffin sikirif ɗin da ke zana ma'aunin yunwa da ƙishirwa a allo. Alamarsu ita ce murya ta yi aiki na ɗan lokaci bayan shiga, sannan ta ɗauke, ko mutum ya ji wanda ke can wata unguwa kamar a gefensa yake. Wannan binciken na minti biyar ne, kuma tsallake shi ne ke cinye wa mutane kwanaki.

Girka pma-voice

Idan ka sauke shi daga GitHub, foldar za ta zo da suna pma-voice-main. Ka mayar da sunan pma-voice cif, da ƙananan haruffa. Duk sikirif ɗin rediyo da wannan sunan yake kiransa, kuma idan sabar a kan Linux take, babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Dole OneSync, tsarin FiveM da ke daidaita 'yan wasa ta sabar, ya kasance a kunne, ko ta saitin txAdmin, shafin sarrafa sabar, ko ta `set onesync on`, in ba haka ba ƙunshin, wato pma-voice, ba zai tashi ba. Ƙofar 30120 kuma a buɗe ta ta TCP da UDP duka.

Ga layukan da za ka saka a server.cfg, a sama da layin da ke tayar da ƙunshin:

```
setr voice_useNativeAudio true
setr voice_useSendingRangeOnly true
setr voice_enableRadios 1
setr voice_enableSubmix 1
setr voice_enableRadioAnim 1
setr voice_defaultCycle "F11"
setr voice_defaultRadio "CAPITAL"
setr voice_defaultRadioVolume 30
ensure pma-voice
ensure qb-radio
```

A nan ne mutane suka fi faɗuwa, kuma a kan harafi ɗaya. `set` da `setr` ba ɗaya ba ne. Na farko yana ajiye saitin a sabar kaɗai, na biyu yana aika shi zuwa kwamfutar kowane ɗan wasa. Su kuwa waɗannan saituna a kwamfutar ɗan wasa ake karanta su. Idan ka rubuta `set voice_useNativeAudio true`, sabar ba za ta nuna kuskure ba, konsol zai zauna lafiya lau, amma 'yan wasa ba za su taɓa ganin saitin ba, pma-voice zai ci gaba da abin da ya zo da shi. Mutum sai ya rantse ya saka komai daidai, kuma da gaske rubutun yana nan, harafin r ne kawai babu.

Layin farko shi ne ke sa murya ta bi ta injin sautin wasan kansa, ta samu amsa-kuwwa da sanin ɓangaren da take fitowa. Shi ne kuma sharaɗin wannan ƙarar ta oba-oba, mai ɗan shaƙewa da kaushi, da `voice_enableSubmix` ke ɗora wa muryar rediyo. In babu shi, rediyo zai yi magana amma muryar za ta fito fes kamar mutumin yana tsaye kusa da kai, kuma a tsakiyar bin mota ɗan sanda ba zai bambance abokin da ke kujerar gefe da mai kira daga ofis ba. Kada ka haɗa shi da `voice_use3dAudio` ko `voice_use2dAudio`. Ɗaya ake zaɓa cikin ukun. Wasu kan kwafo saitin sabar biyu daban-daban su zuba duka, sai tsarin ya rikice.

Ka kuma sani cewa wannan zaɓi yana canza lambobin nisa. Da sautin wasan, raɗa da magana da ihu suna kan 1.5 da 3.0 da 6.0. In ba shi ba, 3.0 da 7.0 da 15.0 ne. Ƙanƙantar lambobin farko kada ta sa ka ninka su, domin injin sautin wasan yana kai murya nesa fiye da yadda lambar ke nunawa.

Batun maɓalli: pma-voice yana zuwa da Alt na hagu a matsayin maɓallin magana a rediyo, wato LMENU. Shi ne kuma maɓallin da qb-target da ox_target, sikirif ɗin mu'amala da abubuwa a cikin wasa, ke amfani da shi don nuna abu. Idan ka bar su haka, duk lokacin da ɗan sanda ya so buɗe akwatin makamai sai ya buɗe layi, dukan tasha ta ji numfashinsa. Ka mayar da rediyo kan Caps Lock, shi ne CAPITAL a layin sama. Amma ka yi haka tun kafin mutane su fara shiga. FiveM yana ajiye maɓallin a kwamfutar ɗan wasa ranar da ya fara haɗuwa da ƙunshin, don haka canjin da ka yi daga baya sababbi kaɗai zai shafa. Tsofaffi sai kowa ya shiga Settings, ya je Key Bindings, ya buɗe sashen FiveM ya gyara da hannunsa. Haka ma ƙarfin sautin rediyo, wanda ake sakawa tsakanin 1 da 100.

Yanzu ka tsaya. Ku shiga ku biyu, ku tabbatar Voice Chat a kunne yake a saitin wasan kuma makirufon da ya dace aka zaɓa, ku yi magana kusa da juna, ku danna F11 ku ga nisa yana canzawa. In wannan bai yi ba, kada ka wuce gaba.

Ɗora rediyon da kulle tashoshi

Idan QBCore, tushen da ake gina sabar wasan kwaikwayo a kai, kake amfani da shi, rediyonsa qb-radio ya ishe ka. Ba sai ka sayi wani mai tsada ba tun ba ka san abin da jama'arka ke buƙata ba, domin duka kira iri ɗaya suke yi a ƙarƙashi:

```
exports['pma-voice']:setVoiceProperty('radioEnabled', true)
exports['pma-voice']:setRadioChannel(1)
```

Tasha 0 na nufin fita daga rediyo. Mai rubuta nasa rediyon ya lura cewa abin da ɗan wasa ya buga a allo rubutu ne yake zuwa, ba lamba ba, don haka sai an bi da shi ta `tonumber` kafin a miƙa. Rediyon kuma dole ya tashi bayan pma-voice, kuma kayan mai suna radio ya kasance cikin jerin kayan sabar, in ba haka ba ba abin da ɗan wasa zai danna.

A config.lua na qb-radio akwai `Config.RestrictedChannels`, inda ake ware tashoshin farko ga 'yan sanda da ma'aikatan asibiti. Sunan aikin da ka rubuta a nan dole ya zama daidai da wanda ke cikin jerin ayyukan sabar. Idan ka canza police zuwa lspd a can ka manta nan, ka kulle 'yan sandanka a waje.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne inda ake yin binciken. Rediyoyi da yawa, har da na kuɗi, a kwamfutar ɗan wasa suke duba aikinsa kafin su bar shi ya shiga tasha. Wannan kamar kulle ƙofa ne a bar makulli a jikinta. Mai manhajar maguɗi zai tsallake allon rediyon ya kira tsarin murya kai tsaye, ya zauna a tashar 'yan sanda yana sauraron duk shirinsu, kuma irin wannan satar ji tana kashe wasa fiye da harbin banza, saboda ba a ganinta. Makulli na gaskiya a ɓangaren sabar yake:

```
exports['pma-voice']:addChannelCheck(1, function(source)
    local p = QBCore.Functions.GetPlayer(source)
    return p and p.PlayerData.job.name == 'police'
        and p.PlayerData.job.onduty
end)
```

Ka buɗe fayil ɗin sabar na rediyonka ka nemi `addChannelCheck`. In babu, ka ƙara shi da kanka ga kowace tasha da ka ware. Binciken na lamba ɗaya ne tak: kulle tasha 1 bai kulle 1.5 ba. Idan rediyonka na karɓar lamba mai ɗigo kuma 'yan sanda sun saba rarrabuwa zuwa 1.1 da 1.2, to kowacce sai an yi mata nata, ko a hana ɗigo gaba ɗaya, wanda shi ne ya fi sauƙi. Kuma ana yin binciken ne lokacin shiga kaɗai. Wanda ya shiga yana bakin aiki, sannan ya sauka ko aka kore shi, zai ci gaba da ji har sai an fitar da shi. Ka sa sikirif ɗinka ya riƙa lura da canjin aiki, ya kira `setPlayerRadio(source, 0)` daga sabar.

Sauran gyare-gyare

Haka za ka yi wa wanda aka ƙwace wa rediyo ko ya jefar da shi: da zarar kayan ya bar aljihunsa, a mayar da shi tasha 0. Wanda aka sa wa ankwa a kashe masa `radioEnabled` har a kwance shi. Wanda ya faɗi ma haka, domin sikirif ɗin asibiti da yawa suna tayar da jikin a ɓoye su kwantar da shi da motsin kwaikwayo, wasan yana ɗaukarsa mai rai, sai ka ji gawa tana faɗa wa abokanta inda maharan suka bi.

Gwajin rediyo ba a yin sa kusa da juna, saboda muryar kusa za ta rufe maka gaskiya. Ɗaya ya tafi Paleto Bay, ɗaya ya tsaya filin jirgin Los Santos, sannan a danna maɓalli. A gwada da mutum na uku wanda ba ɗan sanda ba ya nemi shiga tasha 1. Idan wani abu ya ƙi, ka saka `setr voice_debugMode 1`, ko 4 don cikakken bayani, ka danna F8 ka karanta, ka cire shi bayan an gama. Duk lokacin da ka sake tayar da pma-voice alhali sabar na aiki, ka sake tayar da rediyon a bayansa, domin makullan tashoshin a ƙwaƙwalwar pma-voice suke zaune, kuma da ya tashi sabo babu ko ɗaya.