Babi na Shida: Yadda Ake Rage Tumbi da Teɓa

A garuruwanmu in mutum ya ajiye tumbi sai a ce ya samu hutu. Amma kitsen da ke taruwa a ciki shi ke buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon suga. Wannan babi na manya ne da ƙiba ta dame su. Ba a rage wa yaro abinci, haka ma mai juna biyu da mai shayarwa. Wanda yake shan maganin suga ko na hawan jini ya fara zuwa wajen ma'aikacin lafiya a asibitin sha-ka-tafi kafin ya canza cimarsa.

Darasi na 1: Awon ciki

Ku nemi tef irin na tela, ko aro ne. Tef fuska biyu gare shi. Fuska ɗaya lambobinta manya ne, suna ƙarewa a 60, ita ce inci. Ɗaya fuskar lambobinta ƙanana ne, sun kai 150, ita ce santimita. Mu da inci za mu yi aiki. Ku nemo lamba 60 a ƙarshen tef, in kun gan ta, to wannan fuskar ce tamu.

Yanzu a tashi tsaye. A ɗaga riga, ba a awo a kan babbar riga ko zane. Mata su yi a ɗaki, 'yar'uwa ta taimaka. Ka lalubo ƙashin haƙarƙarinka na ƙasa, ka lalubo saman ƙashin ƙugu. Tsakaninsu za a zagaya tef, wato ɗan sama da cibiya.

A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, saboda haka a saurara. Ba inda ake ɗaure wando ba. Mai tumbi yana ɗaure mazagi ne a ƙarƙashin cikinsa, in ka auna can za ka samu ƙaramar lamba ka yi ta murna a banza. Sama da cibiya kaɗan. Sa yatsanka a cibiya, matsar da shi sama kaɗan, yauwa, nan. Kada ka shanye ciki. Ja numfashi, saki, sannan a duba lambar da kan tef ya taɓa. Kada a matse har tef ya nutse cikin fata.

In bai yi daidai ba da farko, ba komai, Baba, a sake. Hannun da ya iya huɗa ba zai gaza wannan ba. Ina ake sa tef? Sama da cibiya kaɗan. A faɗa tare.

Ga ma'anar lambar. Namiji in ya wuce inci 37, mace in ta kai inci 32, lokacin lura ya yi. Namijin da ya wuce 40 da macen da ta wuce 35 kuwa, haɗarin ya ƙaru sosai.

Sai rubutu. Buɗe littafinka, ja layi daga sama zuwa ƙasa. Hagu kwanan wata, dama lambar awo. Lambobin boko daga hagu ake farawa: 37 shi ne uku sannan bakwai. In ka juya ya zama 73, kuma ba mai ciki haka a ajinmu.

Wanda bai samu tef ba ya ɗauki igiya, ya auna tsawonsa daga ƙasa zuwa tsakar ka, ya ninka ta biyu. In rabin nan ya zagaye cikinsa, lafiya lau. In bai haɗu ba, akwai aiki. Ita ma igiyar sama da cibiya za ta bi.

Darasi na 2: Kwanon abinci

Ba a ce ku daina cin tuwo ba. Tuwon dawa da na gero abinci ne mai kyau, musamman in ba a surfe dusar duka ba. Mai cin malmala uku ya koma biyu, ya cika gurbin da miyar kuka, kuɓewa ko yakuwa, da kwaɗon zogale ko rama. Wake da ɗanwake suna riƙe ciki ya daɗe bai nemi wani abu ba.

Ɓarnar tana cikin mai da sukari. Mai ya ninka garin hatsi fiye da sau biyu wajen ƙarfin da yake zuba wa jiki, abin da jiki bai ƙona ba kuwa kitse yake zama. Ki auna man gyaɗa da cokali, Iya, ki bar tuttulawa daga kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son sukarin babban mutum ya tsaya wajen ƙaramin cokali 6 a yini, gishiri kuma kada ya kai ƙaramin cokali 1 cikakke, har da na dunƙulen miya. Robar lemo guda takan ɗauki sukari sama da ƙaramin cokali 10.

Wasunku kuma sai in yi magana. Kuna gyaɗa kai a aji, da safe a gan ku a teburin mai shayi ana zuba sukari ba lissafi, da rana a dama fura a ƙara. Sannan ku ce awo ya ƙi sauka. To wa za a ɗora wa laifi? Shayin rage tumbi da ake talla da lasifika a kasuwa, yawancinsa gudawa yake sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitsen na nan.

Darasi na 3: Motsa jiki

Da damina noma ya wadatar. Matsalar rani ce, lokacin zaman majalisa da hawan babur ko zuwa masallaci. Ana son minti 150 a mako, wato rabin awa a kwana biyar. Tafiya da sauri bayan Asuba ko bayan La'asar ta isa. Mata a cikin gida: daka, shara, jan ruwa a rijiya, zagaya tsakar gida. Mai jin ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya, ya je asibiti.

Darasi na 4: Haƙuri

Rage nauyin rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya isa. Wanda ke ramewa ba tare da ya rage ci ba, wannan yana iya zama ciwo, a duba shi.

Aikin gida: a yi awo duk ranar Juma'a da safe kafin karin kumallo, sama da cibiya kaɗan, a rubuta, a zo da littafi.