Yadda ake gano dalilin kunnuwar wutar cek injin bayan an sauya belin taimin

Ka ɗauko motarka daga gareji an sa mata sabon belin taimin, wato bel mai haƙora da ke daidaita juyawar ƙasan inji da ta samansa, ba ka kai shataletalen Wunti ba sai ga wutar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kama a dashbod. Wani lokacin ma sai washegari take kamawa, domin akwai matsalolin da ƙwaƙwalwar mota ba ta kunna musu wuta sai ta gan su a tashi biyu a jere. Saboda haka idan bakanike ya ce "ai lafiya ƙalau ta bar nan", wannan bai wanke aikin ba. Wutar da ba ta nan kafin a taɓa bel, ta zo bayan an taɓa shi, to wajen aikin ake fara nema.

Fara da kallon wutar kanta. Idan tana ƙyaftawa, inji na misin sosai, wato wata silinda ba ta ƙona mai yadda ya kamata, ɗanyen fetur na gangarawa salansa yana ƙona katalis, matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Tsaya, kashe mota. Haka idan ka ji ƙwanƙwasar ƙarfe daga saman inji, ko allurar zafi ta haura. Idan kuwa wutar a tsaye take, inji na tafiya daidai, kana iya komawa gareji a hankali.

Na biyu, a sa mata kwamfuta kafin a kwance ko noti ɗaya. Soket ɗin OBD2 mai rami 16 yana ƙarƙashin sitiyari a yawancin motoci. Motocin kasuwar Amurka suna da shi tun 1996, na fetur na Turai tun 2001. Ko ƙaramar sikana irin ELM327 da ake haɗawa da waya ta isa. Ka rubuta lambobin a takarda ko ka ɗauki hotonsu. Kada ka yarda a goge su tukuna, kada kuma a cire kan batir "don wutar ta mutu". Wanda ya yi haka ya share shaidar da za a bi ne. Mafi muni shi ne masu cire ƙwan wutar ko su liƙe ta da baƙin salatif.

Ga abin da lambobin suka fi nunawa bayan irin wannan aiki. P0335 ta sansar karanshaf ce, sandar ƙasan inji da fistin ke juyawa, P0340 ta kamshaf, sandar sama mai buɗe bawul. P0102 da P0113 kan fito tare idan an manta soket ɗin sansar iska. P0171 na nufin iska ta yi wa fetur yawa, galibi wani tiyo ne ba a mayar ba. P0300 zuwa P0304 misin ne. P0016 da P0017 kuwa su ne masu nauyi: karanshaf da kamshaf ba sa tafiya tare yadda ƙwaƙwalwa ke tsammani. A injin V6, P0018 da P0019 na ɗaya ɓangaren ne, tsofaffin Toyota kuma kan ba da P1346 ko P1351.

Na uku, bi duk abin da hannu ya taɓa. Kafin a kai ga bel sai an cire akwatin iska, kujerar inji, fuli, wani lokaci har kwayil. Danna kowane soket har ka ji ya ce ƙas. Roba ta motocin da suka sha ranar Bauchi da ƙurar hunturu tana bushewa, ɗan harshen da ke riƙe soket ya karye, soket ya zauna kamar ya shiga alhali bai kai ba. Duba wayar sansar karanshaf musamman: tana bi ta gefen murfin taimin, idan ba a mayar da ita cikin maƙalarta ba sai murfi ya danne ta ko fuli ya goge ta har tagulla ta bayyana. Duba wayar at, wato ta nagetif, da ake ɗaurewa a kujerar inji. Wannan duka aikin minti goma sha biyar ne, ba ya cin ko kwabo.

Na huɗu, alamomin taimin. Nan ne ya kamata a zauna. Karanshaf na juyawa sau biyu, kamshaf sau ɗaya. Idan giyar kamshaf na da haƙora 40, haƙori ɗaya digiri 9 ne a kanta, wato digiri 18 a karanshaf. Kuskuren haƙori ɗaya ba ya hana mota tashi, shi ya sa yake wucewa. Sai dai ta yi nauyi, silo, wato aikin inji a tsaye, ya riƙa rawa, ta ƙara shan mai, a hawan hanyar Jos kuma ka ji kamar ana jan ta ta baya.

A cire murfin sama, a sa sifana a notin karanshaf, a juya da hannu ta inda injin ke juyawa har alamar ƙasa ta zauna daidai, sannan a dubi ta sama. Yawancin injuna dama suke juyawa, amma tsofaffin Honda masu silinda huɗu, irin Accord ta 1998 zuwa 2002, hagu suke yi. A duba alama ido na daidai da ita, domin kallo daga gefe na ɓoye rabin haƙori. A Sienna da Accord V6 giyar baya tana jikin bangon inji, sai da madubi da tocila. Peugeot 406 ba ta dogara da alama ba, ramuka gare ta da ake zura ƙusoshin kullewa. Idan ƙusa ba ta shige cikin sauƙi ba, taimin bai zauna ba. Alamar masana'anta ake bi, ba ɗigon fentin da aka yi kafin a kwance ba, domin idan tsohon bel ya riga ya tsallake haƙori, fentin kuskuren ya kwafa.

Me ke kawo kuskuren haƙori? Galibi sakwarkwacewa ce aka bari a ɓangaren da bel ke ja. Da an saki tenshona, abin da ke ɗame bel, sai ya kwashe ta, ya juyo da kamshaf haƙori ɗaya. Shi ya sa ƙa'ida ita ce bayan an ɗaure a juya inji zagaye biyu cikakku da hannu, a sake duba alamomi. Sai kuma tsohon tenshona da aka mayar don a rage kuɗi. Wanda ya yi sanyi yana barin bel ya tsallake bayan kwana kaɗan.

Idan alamomi sun zauna amma P0335 ko P0016 na nan, a dubi farantin haƙoran da sansa ke karantawa a bayan giyar karanshaf. Ana lanƙwasa shi ko a karya masa haƙori wajen ɓanɓaro giya da sukundireba, wani lokacin a mayar da shi a juye. A ra'ayinmu sayen sabuwar sansa kafin a yi waɗannan dube-dube asarar kuɗi ce, sansar da ta yi aiki jiya da wuya ta mutu yau haka kawai.

Na biyar, gwajin matsi, idan misin ya ƙi tafiya ko kuma tsohon bel tsinkewa ya yi. A cire fulogai duka, a katse fetur da wuta, a take totur har ƙasa, a auna kowace silinda. Idan duka sun yi ƙasa daidai da juna, taimin ne. Idan ɗaya ko biyu sun faɗi nesa da saura, fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, akwai yiwuwar fistin ya bugi bawul ya lanƙwasa shi, sai an sauke tof, wato kan inji. Honda masu bel da Peugeot 406 suna cikin masu wannan haɗari. Camry mai injin 2.2 ta 1997 zuwa 2001 fistin ɗinta ba ya kai wa bawul.

Bayan gyara ne ake goge lamba. Wasu motoci, ciki har da Honda V6, suna buƙatar a sake koya wa ƙwaƙwalwa tsarin karanshaf da babbar sikana. P0315 na nuna ba a yi ba. Sai a bar inji ya yi zafi har fanka ta tashi, a fita hanyar Ningi ko ta Dass a yi kilomita goma sha biyar zuwa ashirin, a kashe, a sake tayarwa, a ƙara zagaye, sannan a mayar da sikana a duba har lambobin da ke jiran tabbaci. Idan an sauya famfon ruwa tare da bel, da safe kafin a tayar a buɗe lagireto a ga ko ruwa ya sauka, a leƙa ƙasan murfin taimin ko akwai ɗigo.