Yadda Ake Shawo Kan Rigingimun Kwamfuta Bayan An Ɗaga Ta Zuwa Windows 11

An gama ɗaga kwamfuta daga Windows 10 zuwa Windows 11, ta tashi lafiya lau, sai ga fanka tana ta huci ba ƙaƙƙautawa, sifika ta yi gum, firintar da ta yi aiki jiya yau ta ƙi motsi. Tun da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane da yawa sun yi wannan ƙaura, kuma irin waɗannan koke-koke ne ke biyo baya. Galibinsu ba lalacewa ba ne. Tushensu uku ne: aikin da sabuwar manhajar ke yi a ɓoye, tsoffin direbobi da ba su jitu da ita ba, da saituna da suka koma yadda kamfani ya tsara su. Direba a nan shi ne ƙaramar manhajar da ke tafinta tsakanin Windows da wani sashe na kwamfuta, kamar allo ko sifika.

Ƙa'ida ɗaya za ka riƙe daga farko har ƙarshe: gyara ɗaya a lokaci ɗaya, sannan ka gwada. Wanda ya taɓa abu biyar a zama guda ba zai san wanne ya gyara ba, ba zai kuma san wanne ya ƙara ɓatawa ba.

Mataki na 1: Tsare hanyar komawa

Kafin ka taɓa komai, ka sani kwana 10 kacal Windows ta ba ka na komawa tsohuwar manhajar. Abin da ke riƙe da wannan dama wata folda ce mai suna Windows.old a cikin C:, wadda sau da yawa takan cinye gigabayit 15 zuwa 20 ko fiye. Girmanta ne ke jan mutane su goge ta don samun sarari, ko su bar manhajar shara ta kwashe ta. Kada ka yi haka tukuna. Idan ta tafi, komawa sai dai a zuba Windows sabuwa fil daga filashi.

Kwana 10 sun yi kaɗan, domin wata matsalar ba ta bayyana sai ranar da ka buƙaci manhajar da kake buɗewa sau ɗaya a wata. Ana iya tsawaita wa'adin zuwa kwana 60. Danna maɓallin Windows, rubuta cmd, zaɓi Run as administrator, sannan ka rubuta wannan:

DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60

Umarnin yana aiki ne kawai idan kwana goman ba su cika ba, don haka a ranar farko ake yin sa.

A wannan zaman kuma ka nemo mabuɗin BitLocker, wato tsarin Windows na kulle ma'adana don kada baƙo ya karanta fayiloli, idan ma'adanar kwamfutarka a kulle take da shi. Lambobi 48 ne, kuma yawanci suna ajiye a asusunka na Microsoft, a shafin account.microsoft.com/devices/recoverykey. Kwafe su a takarda. Sabunta BIOS, manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows ta hau, ko sauya wani saitin tsaro na iya sa kwamfuta ta tashi da shuɗin allo tana neman lambobin, kuma in babu su, babu mai iya buɗe maka fayilolinka.

Mataki na 2: Bar ta ta gama aikinta

Nauyi, zafi da saurin shan batir a kwana ɗaya ko biyun farko ba abin tada hankali ba ne. Windows tana bin fayilolinka ɗaya bayan ɗaya tana jera su don bincike ya yi sauri, tana sauke sabuntawa, manhajar tsaro kuma tana tantance komai daga farko. Danna Ctrl, Shift da Esc a tare don buɗe Task Manager, sai ka danna kan layin CPU ko Disk ka ga mai cin ƙarfin. Idan ka ga Microsoft Windows Search Indexer, ko Windows Modules Installer Worker, ko Antimalware Service Executable, ka ƙyale su. Jona caja, hana kwamfutar yin barci, ka bar ta a kunne na wasu awanni. Mai tsohon faifai mai juyawa zai fi mai SSD, sabuwar ma'adana mai sauri, daɗewa yana jira, nesa ba kusa ba. 

In kwana uku suka wuce nauyin yana nan, duba sashen Startup apps a cikin Task Manager, ka kashe duk abin da ba ka buƙatar ya tashi tare da kwamfuta. Tsohuwar manhajar riga-kafin bairos ita ce ta farko da za a tuhuma, domin tana kutsawa can cikin tsarin Windows. Sabunta ta, ko ka cire ta gaba ɗaya. Windows tana da tata mai suna Microsoft Defender, wadda ke karɓar aikin da kanta.

Mataki na 3: Restart, ba Shut down ba

Wannan yana ruɗa har da waɗanda suka daɗe da kwamfuta. A Windows akwai wani tsari da ake kira Fast Startup. Idan ka danna Shut down, kwamfutar ba ta mutu ɗungurungum ba: takan adana halin da zuciyar manhajar da direbobi suke ciki a wani fayil, gobe ta ɗauko su yadda ta ajiye su. Direban da ya rikice yau, a rikicensa zai dawo gobe. Restart ne ke wanke komai a faro daga tushe.

Kana iya gani da idonka. A cikin Task Manager, shiga Performance, danna CPU, ka duba Up time a ƙasa. Za ka iya tarar da kwana shida ko bakwai a rubuce, alhali kowane dare kana kashe kwamfutar. Yi Restart sau biyu a ranar farko. Idan kuma cikakken kashewa kake so, riƙe Shift yayin da kake danna Shut down. Wanda kwamfutarsa ke ƙin mutuwa, ko linzami da kibod ke ƙin aiki sai an cire an mayar, ya kashe tsarin baki ɗaya: Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, Change settings that are currently unavailable, sai a cire alamar da ke gaban Turn on fast startup.

Mataki na 4: Direbobi, bi da bi

Fara da Settings, Windows Update, ka yi ta danna Check for updates har ya daina kawo sabon abu. Daga nan shiga Advanced options, Optional updates. Akan ɓoye wasu direbobi a can. Bayan haka danna Windows da X, zaɓi Device Manager. Duk na'urar da ke da alamar ruwan ɗorawa mai kusurwa uku, direbanta ne bai zauna ba.

Abin da Windows ba ta kawo ba, a shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ake ɗauko shi, da lambar samfurin da ke manne a ƙasanta. Jerin yana da muhimmanci: na chipset da farko, wato sashen da ke haɗa sassan kwamfuta da juna, domin sauran a kansa suke dogara, sai na allo, sai na sauti, sai na Wi-Fi da Bluetooth, ana yin Restart a tsakani. Manhajojin nan da ke alkawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, a guje su. Sukan ɗora direban da ba na samfurinka ba, wasu ma tallace-tallace suke shigo da su.

Wani lokaci sabon direban ne mai laifin. A Device Manager, danna na'urar sau biyu, shiga Driver, danna Roll Back Driver. Idan maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, babu tsohon a ajiye, sai an ɗauko shi daga shafin kamfani.

Mataki na 5: Bi kowace alama da maganinta

Allo yana ƙifce-ƙifce: buɗe Task Manager ka zuba masa ido. In shi ma yana ƙiftawa tare da komai, direban allo ne. In shi yana tsaye daram sauran allon na rawa, wata manhaja ce ba ta jitu da sabuwar Windows ba, sai ka fara cire waɗanda ke sauya kamannin allo. Idan allon ya yi baƙi ƙirin amma kana jin kwamfutar na aiki, danna Windows, Ctrl, Shift da B a tare. Za ka ji ɗan ƙara, direban allo ya sake tashi.

Babu sauti: kafin ka zargi direba, duba inda sautin yake fita. Sau da yawa Windows takan mayar da shi zuwa talabijin ko allon da aka jona da wayar HDMI, wanda wataƙila ba shi da sifika ma. Shiga Settings, System, Sound, ka zaɓi sifikar da kake so. Sautin da ke ƙarƙara ko shaƙewa kuma, kashe Audio enhancements a shafin sifikar yakan warware shi.

Kamara da makirfo sun ƙi aiki a taron bidiyo: yawanci izini ne aka janye. Settings, Privacy & security, Camera, sannan Microphone. Kunna izinin gaba ɗaya, ka gangara ƙasa ka kunna na manhajojin da aka ɗauko daga intanet.

Wi-Fi yana yankewa, musamman bayan kwamfuta ta farka daga barci: a Device Manager, buɗe Network adapters, danna na'urar Wi-Fi sau biyu. Idan akwai shafin Power Management, cire alamar da ke bai wa kwamfuta izinin kashe na'urar don tanadin wuta. Bai warke ba? Settings, Network & internet, Advanced network settings, Network reset. Ka tanadi kalmar sirrin Wi-Fi ɗinka kafin ka danna, kuma mai VPN yana iya buƙatar sake saka ta.

Firinta ta tara takardu ta ƙi bugawa: rubuta services.msc a wurin bincike, nemo Print Spooler ka tsayar da shi, goge abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ba tare da goge foldar kanta ba, ka sake kunna shi. Idan kuma kullum wata firintar daban ake tura wa aiki, kashe Let Windows manage my default printer.

Ka danna @ sai " ya fito: tsarin kibod ne ya sauya tsakanin na Amurka da na Ingila. Windows da Space a tare suna mayar da shi.

Kwamfuta tana farkawa da tsakar dare ita kaɗai: a cmd, rubuta powercfg /lastwake, za ta gaya maka abin da ya tashe ta. Agogo kuma in yana kuskure da awa ɗaya ko fiye a kwamfutar da ke ɗauke da Linux da Windows tare, dalili shi ne Linux tana ɗaukar agogon cikin kwamfuta a matsayin lokacin UTC, wato lokacin duniya na bai-ɗaya, Windows kuwa lokacin gari take ɗaukarsa. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a ɓangaren Linux yana daidaita su.

Idan fayiloli suka ɓace

Wannan ne ya fi razana mutane: an shiga kwamfuta, fuskar allo wayam, hotuna da takardu babu su. Yawanci suna nan. Windows ce ta kasa buɗe asusunka, sai ta ara maka na wucin gadi, kuma takan nuna saƙo a kan haka. Kada ka ajiye sabon aiki a wannan asusu, domin da ka fita zai goge. Buɗe C:\Users, shiga foldar da ke ɗauke da sunanka, ka tabbatar kayanka suna ciki, ka kwafe muhimmai zuwa filashi nan take. Sannan ka yi Restart, ko da sau uku ne ko huɗu. Sau da yawa asusun yakan dawo da kansa. Wuri na biyu da za a leƙa shi ne foldar OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, domin in an kunna ajiyarsa, Desktop da Documents da Pictures can ciki suke komawa. Na uku shi ne C:\Windows.old\Users.

Mataki na 6: Gyaran fayilolin Windows

Start ya ƙi buɗewa, Settings yana rufe kansa, File Explorer yana daskarewa: a nan ana zargin wasu fayilolin manhajar ba su sauka daidai ba. Buɗe cmd da izinin administrator, ka fara da wannan, intanet a kunne:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Yakan tsaya cak a wani kaso na tsawon mintuna. Kada ka rufe shi. Idan ya kammala sai ka rubuta sfc /scannow. Dalilin jerin shi ne, sfc daga wani rumbu yake ɗauko lafiyayyun fayiloli, DISM kuma shi ke gyara rumbun.

Akwai kuma wani shafi da ba kowa ya san shi ba. Danna Windows da R, rubuta perfmon /rel. Zai nuna maka jadawali na kwanaki, da jan da'ira a duk ranar da wata manhaja ta faɗi, da sunanta da lokacin. Gwama ranar da rigimar ta fara da abin da aka saka a ranar, sau da yawa mai laifin yana fitowa fili.

Wasu abubuwan kuma da gangan aka sauya su. Maɓallin Start da ya koma tsakiya ana mayar da shi hagu a Settings, Personalization, Taskbar, Taskbar behaviors. Jerin zaɓin da ke fitowa in an danna dama na linzami an gajarta shi, cikakken yana ƙarƙashin Show more options. Internet Explorer babu shi a Windows 11, WordPad ma an cire shi daga sigar 24H2. Rubuta winver a wurin bincike don sanin sigar da kake kai.

Mataki na 7: Komawa baya

Idan manhajar da kake neman abinci da ita ta ƙi aiki, ko wata na'ura mai muhimmanci ba ta da direban Windows 11, komawa ya fi zama cikin wahala. Settings, System, Recovery, Go back. Kwafe fayilolinka waje tukuna, jona caja, kuma ka tabbatar kana tuna kalmar sirrin da kake shiga tsohuwar Windows da ita, domin ita za a tambaye ka. Manhajojin da ka saka bayan ɗagawar sai an sake saka su. Idan kwamfutar ba ta ma kai ka ciki, kashe ta da maɓallin wuta tana cikin tashi, sau biyu ko uku a jere, za ta buɗe shafin ceto. Daga can sai Troubleshoot, Advanced options, Uninstall Updates, ka zaɓi Uninstall latest feature update.