Darasi na 7: Shiga Mota a Saudiyya, Manhaja ko Tasi?

A Katsina, wanda zai tashi daga Ƙofar Ƙaura zuwa kasuwa hannu kawai zai ɗaga, mai napep ya tsaya, a yi ciniki. A Jidda, Makka da Madina ma akwai tasi na bakin titi, amma akwai kuma motar da ake kira ta waya. Manhajojin da aka fi sani a can su ne Uber da Careem.

Tun daga gida ake shiri

Kada ka bari sai ka sauka. Sauke manhajar a wayarka tun kana Katsina, ka yi rajista da layinka. Za a turo maka lamba ta saƙon tes, ka shigar da ita. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa: sun isa Jidda, layin Najeriya ya daina karɓar saƙo, lambar ba ta zo ba, manhaja ta ƙi buɗewa. In ka sauka, sayi layin can, na STC ko Mobily ko Zain, da fasfonka, ka sa data. Ba data, ba mota.

Wajen biya, zaɓi kuɗi a hannu. Katin naira yakan ƙi aiki a waje. Riƙe canjin riyal 5 da 10, domin ba kowane direba ke da canjin 100 ba.

Kiran mota

Kunna alamar da ke nuna inda kake. Rubuta sunan masauki daidai yadda yake a katin otal, ba sunan da alhazai suka laƙaba masa ba. Manhaja za ta nuna kuɗi tun kafin ka amince, sannan ta nuna sunan direba, kalar mota da lambarta. Lambar motar Saudiyya tana da rubutun Larabci da na boko, don haka kowa zai iya karantawa. Duba lambar kafin ka buɗe ƙofa. In ba ta yi daidai ba, kada ka shiga, ko da ya kira sunanka. Hajiya kuwa ta tura bayanin tafiyar ga mahraminta ko abokiyar ɗakinta.

Amfanin manhaja shi ne ba sai ka iya Larabci ba, kuma in ka manta jaka akwai inda za ka bi sawu.

Inda manhaja ke gazawa

Kusa da Harami ne. Ana rufe hanyoyi lokacin salla, direba ba zai iya ƙarasowa ba, kai kana jira shi yana zagaye, ƙarshe ya soke. Bayan isha'i, da ranar Juma'a, da goman ƙarshe na azumi, masu nema sun fi motoci yawa, sai kuɗin ya hau. Taka da ƙafa ka fita daga cunkoso tukuna, ko ka hau motar otal.

A irin wannan lokaci tasi yakan fi sauri. Amma a gama magana kafin a zauna. Ka ce "Bikam?", wato nawa ne. Ya rubuta maka adadin a waya, kuma ka tabbatar ko kuɗin mota ɗaya ne ko na kowane mutum. Rigimar da ake yi a hanyar Tan'im, masallacin A'isha, yawanci daga nan take tasowa: mutum huɗu sun ɗauka kuɗin duka ne, direba kuwa kuɗin kowane mutum ya ƙirga.

Tsakanin Makka da Madina akwai jirgin ƙasa na Haramain, tafiyar kimanin kilomita 450 cikin awa biyu da rabi. Sayi tikiti da wuri. A kwanakin Mina da Arafa kuwa, manta da manhaja, bi motocin da hukumar alhazai ta tanada.

Aikin aji: Kowa ya buɗe taswirar wayarsa, ya rubuta sunan unguwarsu, ya nuna wa malami inda alamar ta tsaya.