Yadda Ake Shirya Wasan Tuba da Yafiya a Kan Tsarin Noh na Japan

Wasan Noh, wani nau'in wasan kwaikwayo na gargajiya, ya samu siffarsa a Japan a ƙarni na 14, a hannun Kan'ami da ɗansa Zeami. Malamin da ke da ƙungiyar wasan kwaikwayo a Gusau ko Talata Mafara zai iya aron tsarinsa, domin ba ya cin kaya da yawa, kuma da yawa daga cikin labaransa na mai neman tsira ne.

A ɗauki wasan Atsumori na Zeami. Jarumi Kumagai ya kashe matashi Atsumori a yaƙin Ichi-no-Tani a 1184. Nadama ta sa ya ajiye makami ya shiga ibadar addinin Buddha, ya koma inda abin ya faru yana yi wa yaron addu'a. Mamacin ya fara bayyana a siffar mai yankan ciyawa, daga baya ya fito a fatalwarsa, ya zare takobi, ya fasa, ya roƙi a ci gaba da yi masa addu'a.

Gyaran farko shi ne a cire fatalwa. A aƙidarmu mamaci ba ya dawowa ya yafe, haƙƙin jini yana hannun magada: ƙisasi, ko diyya, ko afuwa, kamar yadda aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta nuna. Saboda haka a ba wan mamacin wannan matsayi. Ya fara shigowa da lauje da damin ciyawa, mai tuba bai gane shi ba, sai a kashi na biyu ya bayyana kansa.

Dandalin Noh kusan mita 6 ne kowane gefe, da doguwar hanyar shigowa ta hagun 'yan kallo. A shata shi da tabarmi. Makaɗa a baya: sarewa ɗaya, kotso da ƙaramar ganga. 'Yan amshi 8 a dama, sahu biyu, su ne za su faɗi abin da ke zuciyar wan mamacin idan ya yi shiru. Maimakon fuskar katako da Japanawa ke sawa, rawani da amawali sun isa.

Tafiya ita ce mai wuya. Ana jan ƙafa ne a ƙasa, ba a ɗaga diddige. Kuka kuma ɗaga tafin hannu ne a hankali zuwa saitin ido, babu kururuwa. Wasan minti 30 a raba shi uku: 8 na shimfiɗa, 17 na warware labari, 5 na ƙarshe da sauri.

Inda ake ɓata shi, yafiya ce ke zuwa da wuri. Kafin wan ya sauke lauje, dole 'yan kallo su ga sharuɗɗan tuba huɗu a aikace: daina laifin, nadama, ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi. In an tsallake na huɗun, mutanen da aka kashe musu 'yan'uwa aka kore musu shanu za su ji ana yi musu wa'azin haƙuri kawai, kuma suna da gaskiya. Kada mai tuba ya furta cewa Allah Ya gafarta masa, roƙo kaɗai ne nasa.

A guji sunan ƙauye ko mutum na gaske. A kuma gargaɗi makaɗa kada su zarce zuwa kiɗan taushi ko na biki, don da zarar an fara liƙi, wasan ya tashi daga aiki.