Kurakuran da samari ke yi da kan sanda mai tauri a teburin sunuka

Tun da samarinmu suka fara kallon gasannin Amurka a waya, da wuya kasuwa ta ci ban ga wani ya shigo rumfata da sanda mai baƙin kai mai ƙyalli ba, yana cewa daga yau shi ne zai riƙa fasa ƙwallaye. Ina da tebura biyu a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, kuma na gaji da maimaita gargaɗi ɗaya ga kowane sabon shiga.

Kan sandar da aka saba da shi na fata ne, yana ɗan lotsawa idan ya taɓa ƙwallo, kuma yana riƙe alli. Mai taurin kuwa ko dai na fenolik ne, dangin robar Bakelite da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, ko kuma G10, wato zaren gilashi da aka danƙare da gam mai ƙarfi. Da yake ba ya lotsawa, kusan duk ƙarfin hannu yana wucewa cikin farar ƙwallo, saboda haka amfaninsa bugu biyu ne kawai: bugun farko na fasa ƙwallaye, da bugun tsallake.

Kuskure mafi muni shi ne mutum ya sayi kai mai tauri bai dubi ƙwallon da zai daka da shi ba. Ƙwallayen da ake gani a manyan gasanni, irin Aramith da kamfanin Saluc ke yi a Beljiyam, su ma na fenolik ne, shi ya sa suke jure duka. Namu da ake sayowa da araha daga Kano yawanci na foliyesta ne, ba su kai waɗancan tauri ba. Wani yaro ya zo mini da G10 a damunar bara, ya yini yana fasawa da ita ina gona. Da na dawo na ɗaga farar ƙwallon a hasken fitila, sai na ga ƙananan tsagu kamar zanen farce sun zagaye ta, gefe guda kuma har ya ɓantare. Na ce masa, "Ƙanena, ba ka ji ƙarar ta canza ba?" Ya ce, "Yaya, ai na ɗauka ƙarfina ne ya ƙaru." Sai da na rufe teburin har na samo wata daga Sabon Gari, kuma cinikin waɗannan ranakun ya tafi ke nan. Dokar WPA, hukumar wannan wasa ta duniya, ma ta hana duk wani kai da zai karce ƙwallo ko ya lalata ta. A rumfata yanzu G10 ba ta hawa tebur ko kaɗan, wanda kuma yake son fenolik sai ya zo da tasa farar ƙwallon. In ba haka ba, ya nemi kan fata mai tauri, ya ishe shi.

Na biyu shi ne tsallake, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci. Ku daina cusa sanda ƙarƙashin ƙwallo kuna kwasarta sama, domin laifi ne a doka, kuma da haka ake yaga kyalle. Tsallake na gaskiya ana ɗaga gindin sanda ne a doki ƙwallon daga sama, ta bugi tebur ta yi sama da kanta. Wannan yana buƙatar tebur mai shimfiɗar dutse. Yawancin teburanmu katako ne a ƙarƙashin kyallen, don haka ƙwallon ba ta tashi sosai, sai dai ta bar ɗan rami wanda zai riƙa karkatar da kowace ƙwallo har ranar da za a sauya katakon. A dokar sunuka ta Ingila ma tsallaken haramun ne gaba ɗaya, don haka a daidaita kan dokar da za a bi kafin a jera ƙwallaye.

Sauran ƙanana ne. Kada a ci gaba da wasa da sandar fasawa, domin ba ta riƙe alli sosai kuma za ta zame da zarar an kauce wa tsakiyar ƙwallo. A goga wa kan sandar sanfefa kaɗan, a shafa alli kafin kowane bugu. Fararen ɗigon da ke fitowa a kyalle ƙuna ce ta gogayya, ni ina shimfiɗa ɗan guntun tsohon kyalle ƙarƙashin ƙwallon kafin a fasa. A dokar WPA, faɗin kai kada ya wuce milimita 14, tsawon sandar tsallake kuma kada ya gaza inci 40.

Game da liƙawa, kada a ɗora kai mai tauri a kan siririyar sandar da zoben bakinta, inda ake liƙa kan, ya riga ya tsage, musamman lokacin hunturu da itace ke bushewa, domin dukan zai bi ta zoben ya raba sandar. Ni ina goge bayan kan da bakin zoben da sanfefa har su yi kaushi, in share ƙurar, in ɗiga sufa gulu mai kauri, in danne da yatsa, sannan in jingine sandar a inuwa, ba na barin kowa ya taɓa ta sai washegari.